Alkyabbar da Aka Bari a Taruwasa: Begen Malami ga Almajirinsa a Wasiƙar Bulus ta Biyu Zuwa ga Timoti

Gabatarwa

A ƙauyukanmu na tsakanin Jega da Maiyama, idan dattijo ya yi kewar ɗansa ko almajirinsa da ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, da wuya a ji ya buɗe baki ya ce yana kewarsa. Abin da zai yi shi ne ya sami mai tafiya, ko ya sa a buga masa waya, ya ce a gaya wa wane idan zai zo ya taho masa da man zafi, ko tocila, ko wani littafi da ya ara tun bara. Man zafi kuwa ga shi nan jibge a kasuwar Jega. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san fassarar wannan aike: tsohon yana son ganin yaron ne, kunya ta hana shi faɗa, sai ya naɗe maganar cikin sautu.

Wannan maƙala ta ɗauki wannan kunne da Bahaushe ya gada ta saurari wani tsohon matani da shi, wato Wasiƙar Bulus ta Biyu Zuwa ga Timoti, ɗaya daga cikin littattafan Sabon Alkawari a Littafi Mai Tsarki na Kirista. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, begen da ke cikin wasiƙar ya fi ƙarfi a babin ƙarshe, inda marubucin ya koma jera sunaye da sautu, fiye da babin farko inda ya furta shi ƙarara, kuma mai karatu Bahaushe yana da kayan aikin gane haka tun daga gida. Nazarin na adabi ne. Abin da ya shafi aƙida yana da malamansa da zaurensa.

Yadda Wasiƙar ta Shigo Hausa

Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin adabin Hausa da wasiƙar da aka rubuta da Helenanci kusan shekara dubu biyu da suka wuce? Amsar tana cikin tarihin rubutun boko. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani limamin Kirista, J. F. Schön, ya fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, da taimakon Hausawa irin su Dorugu ɗan ƙasar Damagaram. Daga baya Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus, ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Shi ne ya jagoranci aikin da ya haifar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Wannan shekara tana da muhimmanci ga mai nazari. Gasar da Rupert East ya shirya, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a 1933 aka yi ta. Ke nan wannan wasiƙa ta riga ƙagaggun labaranmu na farko fitowa cikin bugaggen littafi da Hausar boko. Daga lokacin zuwa yau ana karanta ta da Hausa a majami'un Wusasa da Jos da Zuru da Yawuri, kuma an sake fassara ta fiye da sau ɗaya. Mun karɓi Dare Dubu da Ɗaya a matsayin abin nazari ko da yake fassara ce daga Larabci, mun kuma san yawancin labaran Magana Jari Ce aro ne daga Gabas da Turai da Abubakar Imam ya sa wa rigar Hausa. Matanin da ya shekara sama da tasa'in a bakin masu jin Hausa ya cancanci a ɗora shi a kan ma'aunin tarke kamar sauran.

Masu Wasiƙar da Zubinta

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Bulus ya haɗu da Timoti a garin Listira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Uwar yaron Bayahudiya ce, ubansa kuwa Bahelene. Bulus ya ɗauke shi ya riƙa yawon wa'azi da shi shekara da shekaru, yana aikensa inda shi kansa bai sami zuwa ba. A wasiƙarsa ga mutanen Filibi ya shaide shi da cewa ba shi da wani kamarsa, ya kuma kwatanta hidimarsa da ta ɗa ga uba. Da Bahaushe zai bayyana wannan dangantaka, zai ce Timoti babban almajiri ne, irin wanda malam ke bar wa makaranta idan zai yi tafiya.

Wasiƙar gajeruwa ce: babi 4, aya 83. Tana nuna marubucin yana ɗaure da sarƙa a Roma, an riga an yi zaman shari'arsa na farko, kuma ba ya sa ran fita da rai. Tarihin Kirista, kamar yadda Yusibiyus ya tattara shi a ƙarni na 4, ya ce an sare kan Bulus a Roma a zamanin Sarki Nero, wanda ya tsananta wa Kirista bayan gobarar birnin ta shekarar 64, ya kuma mutu a 68. Timoti a lokacin yana Afisa, a gaɓar yammacin Turkiyya, yana riƙe da jama'ar can.

Ta fuskar zubi, wasiƙar ta kasu uku. Farkonta gaisuwa ce da tuna baya. Tsakiyarta, wadda ta fi tsawo, wasiyya ce da gargaɗi: yadda almajiri zai riƙe abin da aka danƙa masa, ya danƙa wa amintattu, su ma su koyar da wasu. A nan ne adon harshe ya fi yawa, inda aka kamanta mai hidima da soja da ɗan tsere da manomi, aka kuma kamanta jama'a da babban gida mai ɗauke da kwanonin zinariya da akusan itace da tukwanen yumɓu. Ƙarshenta kuwa, daga aya ta 9 ta babi na 4, jerin saƙonni ne da sunaye. Masu wa'azi sun fi ɗauko nassi daga tsakiya. Begen da muke nema yana bakin farko da bakin ƙarshe, kamar yadda igiya ke ɗaure dami ta kai da gindi.

Alƙiblar Bege a Adabin Hausa

Kafin a auna wannan bege, ya kamata a duba yadda bege yake tafiya a namu adabin. A mafi yawan lokuta daga ƙasa yake tashi ya nufi sama. Bawa yana begen Manzon Allah (SAW), kamar yadda ya cika waƙoƙin Aliyu Namangi na Zariya. Muridi yana begen shehinsa, kamar yadda ake ji a bakin zakirai masu ambaton Kaulaha da Bagadaza. Almajiri yana yabon malaminsa yana kewarsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya zauna da shi kimanin shekara guda, suka rabu lokacin da malamin ya nufi Hajji domin mahaifin Shehu bai ba shi izinin tafiyar ba. Yabon da muke da shi a rubuce daga wajen almajiran ya fito, Shehu da ƙanensa Abdullahin Gwandu, wanda ya adana waƙoƙinsa na yabon malamai da marsiyyoyi a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Nana Asma'u ma ta yi wa manyanta marsiyya, ciki har da Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837.

Begen da ke saukowa daga babba zuwa ƙarami akwai shi, amma galibi iyaye aka bar wa, musamman uwa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar Umar ce ta bar gida ta ratsa hamada tana neman ɗanta har ta faɗa bauta, ta gan shi, ta rasu ba da jimawa ba. Musulmi kuma zai tuna ƙissar Annabi Yaƙuba (AS), wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu (AS). Malami kuwa, a al'adarmu, yana sa wa almajiri albarka, yana yi masa addu'a, yana iya yabonsa a bayan idonsa. Ya dube shi ya ce ina bukatar ganinka, wannan ya saɓa wa kawaicin da ake tsammani daga babba. Al'ummar da iyaye ke jin nauyin kiran sunan ɗan fari ba za ta rasa wannan ɗabi'a a zauren karatu ba.

Abin da ya sa wasiƙar Bulus ke ba Bahaushe mamaki a karon farko ke nan. Malami ne, tsoho, wanda ya kafa jama'o'i a ƙasashe da dama, yake roƙon yaronsa ya zo ya gan shi.

Begen da Aka Furta da Wanda Aka Sakaya

A ayoyin farko marubucin ya kira Timoti ƙaunataccen ɗansa, ya ce yana tuna shi cikin addu'a dare da rana, yana kuma marmarin ganinsa domin ya cika da farin ciki. Kalmomin suna da daɗi, amma mai tarke ya kamata ya san nauyinsu na gaskiya. Kusan irin wannan magana ce Bulus ya buɗe wasiƙarsa ga Romawa da ita, mutanen da bai taɓa ziyarta ba a lokacin, haka ma ya gaya wa mutanen Filibi da na Tasalonika. Wasiƙun talakawa na wancan zamani da aka tono a Masar su ma sukan fara da ambaton addu'a da tunawa. Sigar buɗe wasiƙa ce, kamar yadda namu magabata kan fara da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci ko da wasiƙar ta neman biyan bashi ce.

Abu biyu ne kawai a wannan sashe suka fita daga siga. Na farko hawaye: marubucin ya ce yana tuna hawayen Timoti, wataƙila na ranar rabuwarsu. A lura da wanda aka ɗora wa kukan. Tsohon bai ce shi ya yi kuka ba. Ya ajiye hawayen a fuskar yaron, sa'an nan ya ce su yake tunawa, kamar dattijon da zai ce yaran gida sun dame shi da tambayar yaushe wane zai dawo. Na biyu, ya ambaci kakar Timoti, Loyis, da mahaifiyarsa Afiniki, da sunayensu. Wanda ya san sunan kakar mutum ya shiga gidansu, ya ci tuwonsu. Da waɗannan sunaye biyu wasiƙar ta nuna tsawon zaman tare fiye da duk kalmomin ƙauna da suka gabace su.

A babi na 4 ne abin ya canza. Marubucin ya kai ƙololuwar maganarsa a aya ta 6 zuwa ta 8, inda ya kamanta ransa da hadayar da ake tsiyayewa, ya ce ya gama tserensa, rawanin sakamako kawai yake jira. Da mawaƙi ne da nan zai rufe, domin babu inda ya fi nan dacewa da tafi. Sai ga aya ta 9 ta sauko ƙasa ba shiri: yi ƙoƙari ka zo da wuri. Daga nan har ƙarshe, cikin aya 14, an ambaci mutum 17 da wurare 7. Dimas ya tafi Tasalonika, Titus yana Dalmatiya, an aiki Tikikus Afisa, an bar Tarofimas ba lafiya a Militas, Luka kaɗai ya rage. Jimlolin gajeru ne, ba kamance, ba kwalliya. Karanta su kamar kallon mutum ne yana ƙirga 'yan gidansa da yatsu, yatsun suna ƙarewa a kan wuraren da babu kowa.

Cikin wannan jeri ne sautun ya zo. Ya ce Timoti ya biya ta Taruwasa ya ɗauko masa alkyabbar da ya bari a gidan wani Karbus, da littattafai, musamman na fata. Kalmar Helenancin tana nufin mayafi mai kauri da matafiya kan rufa da shi saboda sanyi da ruwa. Ana iya cewa fursuna ne yake jin sanyi, kuma haka ne. A 1535 William Tyndale, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci, ya rubuta daga kurkukun Vilvoorde kusa da Brussels yana roƙon hula mai ɗumi da riga da fitila da littattafansa na Ibrananci, kafin a kashe shi a shekarar da ta biyo baya. Bukatar ɗaurarre ba ta sauya ba. To amma Roma ba ta rasa mayafi ba, kuma aya ta 21 ta nuna akwai 'yan'uwa a birnin, har an ambaci huɗu da suna suna gaida Timoti. Ɗayansu zai iya kawo bargo a yini guda. Alkyabbar da ake so ita ce wadda sai Timoti ya ɗauko, a garin da ke kan hanyar mai zuwa Roma daga Afisa ta Makidoniya. Sautun ya zana wa yaron hanya, ya kuma ba shi hujjar barin aikinsa ba tare da an ce son rai ya bi ba. Man zafin kasuwar Jega ke nan.

Waɗannan mutum huɗu sun kuma warware wani abin da ke kama da tufka da warwara. Ta yaya mai cewa Luka kaɗai ke tare da shi zai isar da gaisuwar mutane da yawa? Kaɗaicin da ake nufi na rashin waɗanda aka sha wuya tare ne. Mutum yana iya zama cikin masu gaisuwa safe da yamma yana jiran mutum ɗaya. Haka kuma neman a zo da Markus yana da tarihi a bayansa: a kan wannan Markus ne Bulus ya yi saɓani mai zafi da abokinsa Barnaba har suka raba hanya, domin Markus ya taɓa janyewa a tsakiyar tafiya. Yanzu tsohon ya ce a kawo shi, yana da amfani. Bai ce ya yafe ba, bai ce shi ya yi kuskure ba. Sulhun ma cikin aike ya sa shi.

Hunturu ko Damina

Sau biyu aka ce wa Timoti ya zo. Na farko an ce da wuri, na biyu, a aya ta 21, an sa wa'adi: kafin lokacin sanyi. A Bahar Rum wannan wa'adi ba ado ba ne. Marubucin Romawa Vegetius ya ce ana rufe teku daga 11 ga Nuwamba zuwa 10 ga Maris, kuma Bulus kansa ya taɓa yin hatsarin jirgi a tsibirin Malta saboda tafiya a makare, ya yi wata uku a can. Idan Timoti ya rasa jirgin ƙarshe, sai bayan wata huɗu, mai jiran hukuncin kisa kuwa ba shi da tabbacin wata huɗu. Marubucin bai ce zo kafin in mutu ba. Ya ambaci yanayi ya bar yaron ya yi lissafi.

A nan mai fassara zuwa Hausa yake shiga tsaka mai wuya. Kalma ɗaya ta Helenanci tana ɗauke da abu biyu, sanyi da rufewar hanya, Hausa kuwa ta raba su tsakanin lokuta biyu. Idan ya ce hunturu, ya riƙe sanyin da ya sa ake neman alkyabba, amma ya zubar da gaggawar, domin a ƙasarmu hunturu ne lokacin tafiya: an gama girbi, hanya ta bushe, fatake da 'yan ci-rani da almajirai duk sun kama hanya. Idan ya ce damina, ya riƙe gaggawar, domin kafin zuwan gadoji da kwalta, da zarar Gulbin Zamfara ya cika fadama ta jiƙe, ƙauyuka da dama sukan yanke daga juna sai da kwalekwale, amma sai alkyabbar ta rasa dalilinta. Kowace ya zaɓa, rabin ma'anar zai zube a hanya. Wannan ƙaramin misali ya isa ya nuna cewa matanin Hausa na wasiƙar aikin adabi ne mai zaman kansa, wanda aka yi zaɓi a cikinsa kalma bayan kalma, kuma ana iya yi wa zaɓin hisabi.

Nauyin da Begen ya Ɗora

Tarke ba yabo ba ne kawai, kuma wannan wasiƙa tana da wuraren da ya kamata a tsaya a kansu. Na farko, ƙaunar da ke cikinta tana da tsada ga wanda ake ƙauna. Kiran Kirista sananne zuwa Roma a zamanin Nero, ya je ya nemi fursunan da ake jiran kashewa, kira ne zuwa bakin mutuwa. Marubucin ya san haka, kuma ya shirya ƙasa tun daga babi na 1. Ya ce kada Timoti ya ji kunyar ɗaurinsa, ya ambaci mutanen Asiya da suka juya masa baya, sa'an nan ya yabi Onisifaras wanda ya zo Roma ya yi ta cigiya har ya same shi, bai kuma ji kunyar sarƙarsa ba. Kafin a kai ga roƙon, an riga an kafa wa yaron madubi biyu, na masu gudu da na mai zuwa. Wace ƙofa ta rage masa ta cewa a'a? Duk almajirin da malaminsa ya taɓa yaba wa wani a gabansa ya san wannan salo. Gwaninta ce ta lallashi, amma akwai matsi a cikinta, kuma mai karatu na gaskiya zai ji duka biyun.

Na biyu shi ne hukuncin da aka yanke wa Dimas. A wasiƙu biyu na baya an ambace shi cikin abokan aiki. A nan an sallame shi da rabin jimla, cewa son duniya ya ɗauke shi, kuma da wannan tambari tarihi ya san shi har yau. Ba mu ji ta bakinsa ba. Mutumin Jega yana da dalilin yin hattara da irin wannan labari. Malam Abdussalami na Gimbana almajirin Shehu ne tun kafin hijira, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Gudu a 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya sami saɓani da Sarkin Musulmi Bello, aka yi yaƙi, ya rasu a 1818, daga baya ɗansa Buhari ya kafa Jega. Yawancin abin da aka sani game da saɓanin daga alƙalamin Bello ya fito, a littafinsa Sardul Kalami. Sai dai Bello ya kawo wasiƙun Abdussalami a ciki, har mai karatu na iya jin ƙorafinsa ya auna da kansa. Dimas bai sami ko wannan ba. Bege yana da ɗan'uwa, shi ne jin haushin wanda bai zo ba, kuma wasiƙar ba ta kuɓuta daga gare shi ba. Gaskiya ne marubucin ya roƙa kada a kama waɗanda suka watse ranar shari'arsa da laifi, amma ayoyi biyu kafin nan ya miƙa Iskandari maƙerin tagulla ga sakayyar Ubangiji. Wannan rashin daidaito aibi ne idan wa'azi ake nema. Idan kuwa hoton mutum ake nema, shi ne ya sa muryar ta zama ta ɗan Adam mai jini a jika.

Idan Ba Bulus ne ya Rubuta Ba

Akwai wata muhawara da mai nazari ba zai tsallake ba. Tun 1807, lokacin da Friedrich Schleiermacher ya yi shakkar wasiƙa ta farko zuwa ga Timoti, masana da yawa a Turai suka karkata ga cewa wasiƙun Timoti biyu da ta Titus wani mabiyin Bulus ne ya rubuta su bayan mutuwarsa. Hujjarsu ita ce kalmomi da salon sun bambanta da na sauran wasiƙunsa, kuma tsarin shugabancin jama'a da ke ciki ya fi kama da na zamanin baya. A 1921 P. N. Harrison ya kawo ra'ayi na tsakiya, cewa akwai gutsattsarin saƙonnin Bulus na ainihi da aka saƙa a ciki, kuma yawancin wuraren da ya nuna suna cikin wannan babi na 4. Wasu masanan da mafi yawan majami'u suna nan a kan cewa Bulus ne da kansa.

Ga mai tarken adabi, kowane ɓangare aka bi wasiƙar ba ta yi asara ba. Idan Bulus ne, muna da muryar malami da ya sauke girma ya nemi almajirinsa. Idan kuwa wani almajiri ne ya rubuta bayan shekaru, to alƙiblar begen ta juya ta koma irin wadda muka saba da ita: na ƙasa ne yake kewar na sama, har kewar ta kai shi ya ara wa mamaci murya, ya sa shi ya faɗi abin da kowane almajiri ke fatan ji daga malaminsa, wato ina bukatarka, zo. A wannan karatu alkyabbar ta zama irin kayan da mamaci kan bari a gidan wani, a rasa mai zuwa karɓa. Kuma marubucin da ya iya ƙago mayafin da aka manta a gidan Karbus domin ya sa a ji ɗumin mutum, ya san aikinsa ƙwarai.

Kammalawa

Maƙalar ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarfin wannan wasiƙa yana wurin da ta daina ado. Furucin bege na farkonta siga ce da zamaninta ya saba da ita, jerin sunaye da sautu da wa'adin ƙarshenta kuwa su ne suka ɗauki nauyin. An kuma ga cewa begen bai zo shi kaɗai ba, ya zo da matsi a kan wanda ake kira da hukunci a kan wanda ya tafi. Al'adar Bahaushe ta sakaya zance, wadda wasu ke ɗauka cikas ce ga bayyana soyayya a rubuce, ita ce ta zama mabuɗin karanta matanin.

A ƙissar Annabi Yusufu (AS) riga ta isa, ido ya buɗe, uba da ɗa suka gana. Wannan wasiƙa ta tsaya kafin nan. Sabon Alkawari bai faɗi ko Timoti ya sami jirgi ba, ko alkyabbar ta bar gidan Karbus. Abin da kawai ya ƙara, a ƙarshen Wasiƙa Zuwa ga Ibraniyawa, shi ne an saki Timoti, alamar shi ma ya ɗanɗani kurkuku a wani lokaci. Saboda haka duk wanda ya karanta wasiƙar yana tsayawa ne a matsayin wanda aka aika wa, saƙo a hannu, lokaci yana tafiya. Ɗaliban adabin Hausa da yawa sun bar wani tsoho a gida ko a tsangaya, wanda ya taɓa aiko musu da sautun abin da ba shi da wuyar samu a kasuwar garinsu. Waɗannan ba sa bukatar dogon sharhi kafin su gane abin da aka ce wa Timoti.